Abin da Ya Saura a Ƙaiƙayi

Albasar gidanmu ja ce mai duhu, wuyanta siriri, ɓawonta mai ƙarfi. Idan aka zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da bazara, tana kaiwa ƙarshen damina ba ta ruɓe ba. Kakana ya zo da irinta daga Tozai a cikin gora. Ubana ya riƙe, ni na karɓa. Masu lodi zuwa kudu da masu ƙetarawa da ita Ƙwanni ba su da wani suna da suke kiranta. "Ta Isa" suke cewa. Ni ne Isa.

Wanda bai yi noman albasa ba bai san irinta gajeren rai gare shi ba. Gero sai ka ajiye shi shekara uku, ka shuka ya fito. Wannan shekara ɗaya ce, in ya yi ƙoƙari biyu. Saboda haka kowace shekara sai an sabunta. Ka zaɓi manyan albasa masu kyan jiki, ka ware su a rudu. Sanyi ya fara, ka yanke kawunansu ka binne. Su fitar da kara, su yi farin fure, furen ya bushe. Sannan mata su sussuka, su sheƙe, baƙin iri ya zauna a faifai. Ka cakuɗa shi da toka, ka zuba a gora, ka rataye. Ka yi sake sau biyu a jere, aikin mutum uku ya tafi.

Wasu sun sha sayen albasata su binne don su sami irin. Amma kusa da tasu suke binnewa, ƙudan zuma ya haɗa su, kafin shekara biyu ta zama wata aba. Ni a bayan gida nake binne tawa, cikin katanga, nesa da kowace.

Doka ɗaya na gada tare da gorar: iri ba ya fita gida. Ba a sayarwa, ba a ba da aro, ba a ba ɗiya mace, don ɗiya mace gidan wani za ta. Maccido, abokina tun muna kiwon awaki, lambunsa na jikin nawa a fadama, shekara talatin yana roƙona cikin cokali ɗaya. Ban ba shi ba. Yakan ce ranar da na mutu, da gorar za a sa ni a kabari. Nakan ce masa ya zo ya taya su riƙewa.

Lubabatu ce 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, haka muka taso. "Ke" nake ce mata. Tun tana shekara shida take bin uwarta Safiyyatu wajen shiƙa. Da ɗan yatsa take gane irin da ya nuna da wanda bai nuna ba. Ƙaninta Abdulbaqi, wanda ya kamata ya karɓi gorar bayana, tun yana ƙarami hankalinsa na kan babura. Yau shagon kayan gyara gare shi kusa da iyaka. Bai san watan da ake dashe ba.

Ta yi karatun jinya a Sakkwato, ta dawo tana aiki a wani asibiti nan kusa. Ta auri Maharazu, malamin makaranta, mutum mai sanyin magana. Suka haifi Shahida, ta zo da ciwon sikila. Na ga jikar nan tawa tana murƙususu a kan tabarma, uwarta ma'aikaciyar jinya tana tsaye a kanta, ba abin da za ta ba ta. Wannan da idona na gani, ba na musu. Duk da haka, ranar da suka durƙusa a zaure suka ce an ɗauke ta aiki a Ingila, su uku za su tafi, ban ji daɗi ba, ban kuma ɓoye ba.

Mu mutanen iyaka ne. Tun ina yaro nake shiga wata ƙasa. In tafi Ƙwanni da hantsi, in dawo in yi la'asar a masallacin unguwa. Tafiyar da na sani ke nan. Na ce wa Maharazu wanda ya kwashe iyalinsa ya bar gida don tuwon wani gari ya fi laushi, gudu ya yi. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baba."

Tafiyar ta faɗo a ƙarshen rani, daidai lokacin sussukar iri. Saura kwana huɗu, ta same ni ina zuba toka a gora. Ta durƙusa.

"Baba, abu guda nika roƙo."

Na zaci addu'a ce.

"Iri. Cikin tahin hannu guda."

"Ki yi mi da shi? Bisa ƙanƙara za ki shuka?"

"In riƙa ganin gida."

"In gida kika son gani, ki zamna. Iri ba shi bin mace."

Ta ce to. Ta gyara mayafinta ta koma ciki. Kwana uku ina ganin su ita da uwarta a bayan ɗaki, zaune gaban tarin ƙaiƙayi. Ban kula ba. Ƙaiƙayin shiƙa a gidanmu na mata ne, su ba kaji ko su zuba a murhu. Namiji ba ya tambayarsa.

Suka tafi.

Shekara biyar, duk Juma'a tana kira. Safiyyatu ta miƙo mini waya, in ce, "Lahiya? Yarinya? To. Ga uwarki." Ta aiko mini da rigar sanyi mai kauri, na ba ladan. Labarinsu a bakin Safiyyatu nake ji, tana faɗa wa tukunya, ina zaune kusa. Lubabatu awa goma sha biyu take yi a tsaye. Maharazu, malamin da yara ke durƙusa wa, kwalaye yake ɗauka a wani ɗakin ajiyar kaya, daga baya ya koyi tuƙin motar haya. Ɗakinsu na farko ruwa ke tsatsowa ta bango. Shahida ta yi ƙiba, ta shekara guda ba a kwantar da ita ba. Ina ji. Ba na amsawa.

Damina ta bara ce ta karya ni. A watan Agusta aka yi ruwa kwana biyu ba tsayawa. Rana ta biyu, ina masallaci sallar azahar, bangon ɗakin da gorar take ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo. Sai bayan kwana uku muka iya tonewa. Gorar ta fashe a ƙarƙashin laka, irin ya sha ruwa, ya kumbura, ya fitar da fararen jijiyoyi, ya fara wari. Rudun da na ware albasar iri kuma ruwa ya shige shi har gwiwa. Na kwashe na shanya a kan tabarmi. Kwana goma ina juyawa. Na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina matsawa. Ko ɗaya ba ta amsa hannuna ba.

Na bi kasuwa, na bi masu lodi, ko akwai buhun da ya saura a wani wuri. Ta daɗe da shiga tukwanen kudu. Abdulbaqi ya kawo mini irin gwangwani daga Ƙwanni, da hoton albasa a jiki. Na ce ya zuba a tankin babur.

Na je wurin Maccido. Yana gyaran bututun ban-ruwa, bai ɗago ba. Na tambaye shi ko ya taɓa jin wani ya sami irina, ko da ta hanyar sata ce.

"Wa zai sata, kana kwana da gora kamar amarya?" in ji shi. "Shekara talatin nika roƙonka cikin cokali. Da ka ba ni, da yau na maido ma da mudu."

Na ce ban zo jin wa'azi ba. Ya ce ai bai fara ba. Sannan ya ajiye bututun, ya dube ni sosai, ya ce in ɗibi nasa yadda nake so. Nasa ruwan farko ke ruɓar da ita. Na ce Allah ya saka da alheri. Ban ɗiba ba.

Reno a wurinmu, wato shukar farko da ake cira a dasa, in watan Oktoba ya wuce ba a yi ba, shekarar ta wuce. Muka shiga Satumba. Na daina zuwa fadama. Ina zaune a zaure, mutane na wucewa suna yi mini jaje kamar an yi mini mutuwa. Ban hana su ba.

Wata rana da la'asar Safiyyatu ta kawo mini fura. Maimakon ta ajiye ta juya yadda ta saba, sai ta zauna.

"Malam, zan hwaɗi magana. Ka bari in kai ƙarshe."

Ta faɗa. Kwana ukun nan da suka yi a bayan ɗaki, tsintar iri suke yi a cikin ƙaiƙayi, ƙwaya ƙwaya, abin da iska ta kwashe daga faifai. Har suka cika ɗan gwangwanin man zafi. Lubabatu ta tafi da shi.

"Sata kunka yi," na ce.

"Ƙaiƙayi na wa ne a gidanga? Tun zamanin uwarka na mata ne. Kaji munka hana, ba kai ba."

Na ce ko ma mene ne, irin da ya shekara biyar a gwangwani gawa ne.

"Wa ya ce ma aje shi tay yi?" Ta ɗauki faifanta ta shige.

Kwana biyu na yi kafin na sa Abdulbaqi ya kira mini ita da wayar da ake ganin fuska. Ba Juma'a ba ce. Ta ɗauka a tsaye a bayan gida, wurin da bai kai girman zaurena ba. Bokitai a jere a ƙasa. A bayanta, ƙarƙashin wata rumfar leda, busassun kawunan iri a rataye. Ko a makance na san kan irin albasata.

"An ce kina da abina."

"Ina da shi, Baba. Shekaranjiya nis sheƙe rabi."

Na ce to. Akwai maganar da ya kamata in faɗa. Shekara saba'in da uku ban roƙi kowa komai ba, balle 'yar da na kora da hannu wofi. Tana kallona, ina kallon bokitai. Ba ta bari na faɗa ba.

"Na nemi hutu wurin aiki," ta ce. "Ina tahe kahin lokacin reno shi wuce."

Tsakiyar Oktoba suka iso, ita da Shahida. Maharazu ya tsaya saboda aiki da bokitai. Motar Sakkwato ta sauke su da rana tsaka. Lubabatu ta rame, furfura ta fito mata a gaban goshi, ga ta shekara talatin da takwas. Shahida kuwa ta kusa kamo uwarta tsawo. Ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu, ta ce da Hausarta da ta karkace, "Kai ne tsohon mijin nawa mai rowa?" Na san bakin da ya koya mata. Na ce na sake ta tun tuni, ba na zama da matar da ba ta iya damun hura ba. Ta ce ita ma ba ta son miji mai haƙori huɗu. Yarinyar da na sani a kwance ce wannan.

Bayan sun ci abinci, Lubabatu ta fito da gwangwanin madara naɗe a cikin zane, ta ajiye a gabana da hannu biyu. Na buɗe. Baƙin iri, cakuɗe da toka. Ta ce gawayi ta saya ta ƙona don ta sami tokar. Na murza a tafi, na sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ya nuna.

Na ce ta faɗa mini yadda aka yi.

Ta ce shekarar farko kuskure ta yi irin namu. Oktoba ta zo, jikinta ya ba ta lokacin reno ne, ta shuka rabin gwangwanin man zafin nan. Ya fito kyawawa. Wata safiya ta tarar sanyi ya kwanta a kai fari fat, kafin azahar duk ya zube kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ta ce ranar ta tafi aiki ba ta san hanyar da ta bi ba.

Sauran rabin ta jira sai da ɗumi ya zo, ta shuka. Ya fito. Amma lawashin bai kai ɗani ba sai albasar ta fara yin kai, ta tsaya nan. Ta tono, kowace kamar goro. Gwangwani ya ƙare. Abin da ya rage mata a duniya 'yan ƙananan albasa goma sha ɗaya ne.

Na ce ƙasar ce ba ta da kyau. Ta ce ita ma haka ta zata, har ta sauya ƙasa. Ba ƙasa ba ce, rana ce. A can, lokacin zafi, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, kafin biyar kuma ta fito. Wani tsoho mai lambu da take jinya a asibiti ne ya ce mata albasa tsawon yini take aunawa. Ta ƙasarmu ta saba da gajeren yinin sanyi, a cikinsa take yin lawashi, sai yini ya ƙara tsawo da bazara sannan ta yi kai. Da ta buɗe ido a can ta ga dogon yini, sai ta ɗauka bazara ta yi, ta yi kai tun tana jaririya.

Shekara sittin ina noman albasa. Na san tana yin kai in zafi ya matso. Ban san yini take aunawa ba.

"To mi kinka yi?"

"Na yi mata magariba, Baba."

Ta zauna ta tuna lokacin sanyi a nan garinmu Illela, sa'ad da ake kiran magariba shida da 'yan mintoci, rana kuma ba ta fitowa sai wajen bakwai. Da ɗumi ya dawo ta binne goma sha ɗayan nan a bokitai. Kullum ƙarfe shida na yamma, rana tana nan a sama a garinsu, sai ta kifa musu manyan kwalaye da aka liƙe da baƙar leda. Bakwai na safe ta buɗe. Wata uku haka, ba fashi. In lawashi ya cika, sai ta riƙa ƙara musu yini kaɗan kaɗan, yadda yake ƙaruwa a nan in bazara ta taho. Bakwai suka rayu. Huɗu suka yi fure. Ta lulluɓe furen da gidan sauro kada ƙudan can ya haɗa shi da albasar Turawa, ta riƙa shafa shi da gashin kaza daga wannan zuwa wancan. Ta sami cikin cokali ɗaya. Daga cokalin nan, shekara biyu, aka kai gwangwanin da ke gabana.

Na tambaya in tana wurin aiki fa. Ta ce Maharazu ke rufewa. Ya sha sauya lokacin aikinsa da abokan tuƙi don shida ta same shi a gida, su suna tsammanin wata ibada ce. Daga baya ya ƙera akwati mai taya da baƙin tampol, mutum ɗaya na iya turawa. Akwai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu da ta daɗe tana leƙe ta saman shinge, ta rasa abin da baƙin nan ke ɓoyewa kullum da yamma. Wata rana ta tambaya ko zomaye suke kiwo. Da aka yi mata bayani ta yi dariya har ta zauna. Yanzu in dukansu biyu ba sa nan, ita ke turo akwatin, kuma ba ta taɓa makara ba.

"Duk wannan don ki ga gida?"

"Da hwari don haka ne," ta ce. "Daga baya na ga shekara ukku ke nan Abdulbaqi bai taka hwadama ba, kai kuma kana tsuhwa, gora guda ce bisa bango guda. Sai nij ji tsoro."

Abin da ta gani daga bayan teku, ni ina kwana a ƙarƙashinsa ban gani ba.

Na ƙirga ƙwaya ɗari, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a gindin randa. Kwana shida na buɗe. Tamanin da huɗu sun fasa. Nawa na gora bai cika wuce haka ba.

Washegari da sassafe muka sauka fadama. Na gyara fangali uku. Da na zo watsa iri sai na ji ban yarda da hannuna ba. Na miƙa mata gwangwanin. Ta ɗaure zane a kan doguwar rigarta, ta cire takalmi, ta shiga. Ta watsa rabi, daidai, ba inda ya taru, ba inda ya yi fili. Maccido ya leƙo ta kan shinge.

"Isa, mace cikin reno? Kakanka na juyi a kabari."

"Ita ad da iri," na ce. "Ni ƙodago nika yi."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Sannu da aiki, Luba. Kin hi ubanki." Ta ce ta ina. Ya ce ta ko'ina, amma kada ta gaya masa.

Mako biyu suka yi. Reno ya fito kamar gashin jariri ranar da za su koma. A bakin mota na ce ta gaida Maharazu, ta ce masa maganar da na faɗa a zaure shekara biyar da suka wuce, na janye ta. Ta ce zai ce bai tuna ba. Na ce ya tuna.

Fitowar iri ba ita ce shaida ba. Kowace albasa kore take a reno. Ina tsoron ko gidan sauron nan ya taɓa yagewa, ko sanyin can ya sauya mata hali. Na yi dashe, na yi ban-ruwa, na yi ciyawa, ban gaya wa kowa abin da nake tsoro ba. Wata huɗu. A farkon Maris lawashi ya kwanta. Na je ni kaɗai, na sa hannu na tuge ta farko, na goge ƙasar da babban yatsa. Ja mai duhu. Wuya siriri. Na tuge goma daga wurare dabam dabam. Duk ɗaya. Na zauna a bakin fangali har rana ta yi zafi.

Da yamma na ɗauki sauran irin da ke gwangwani na tafi gidan Maccido, da cokali a aljihu. Na ɗebi cikinsa ɗaya na zuba masa a tafi.

"Shekara talatin da guda, cokali guda?"

"Abin da kar roƙa ke nan."

Ya ce bai taɓa ganin marowaci irina ba, yana faɗa yana naɗe irin a gefen rawaninsa da kyau. Washegari na aika masa da kwando guda na zaɓaɓɓun albasa, da sharaɗin a bayan gida zai binne, nesa da wannan ruɓaɓɓiyar tasa.

Juma'ar da ta biyo baya na karɓi waya na gaya wa Lubabatu ta yi daidai. Na ce yanzu ta huta, ta zubar da bokitan nan, ta bar bawan Allah Maharazu ya yi aikinsa a natse.

"Bangon da yah hwaɗi, Baba, da mi anka maida shi?"

"Da ƙasa."

"To bari in ci gaba."

Yanzu muna ƙarshen wata daminar. Albasar tana rudu, na matsa ta jiya, tauri kamar dutse. Sabuwar gora na rataye, wannan karon a ɗakin Safiyyatu, ita ta zaɓi ƙusar.

An ce lokacin zafinsu agogonmu da nasu ɗaya ne. Tun da suka binne ta bana, in inuwar bishiyar bedin ƙofar gida ta taɓa bangon masallaci, na san shida ta yi. Sai in danna lambarta, ta yi ƙara biyu, in kashe. Ban gaya wa kowa dalili ba. Wata Talata ban kai ga kashewa ba ta ɗauka.

"An ruhe, Baba."

"Ban tambaye ki ba."

"Na sani."

Na ji ƙarar tayar akwati a kan siminti, da muryar Maharazu yana cewa a gaishe ni. Na tambaye ta jikin Shahida. Na tambayi ƙafafunta, da tsayuwar nan ta asibiti. Na tambayi tsohuwar Baturiya. Safiyyatu ta fito daga madafa, ta tsaya a gefena, ta miƙo hannu tana jiran in ce ga uwarki. Na juya mata baya, na gyara zama.